Masu Gadin da ke Cikin Fata

Bayan La'asar, a ƙofar gidan wani mai unguwa a Wudil, iskar hunturu na busowa daga kogi, dattawa kowa ya duƙunƙune cikin mayafi. Jami'in lafiyar da ya zo wayar da kai bai ɗauko allura ko ƙwaya ba. Ƙullin yajin tsire ya kwance, ya ajiye alewar Tom Tom a gefe, ya nemi mai ɗanɗanawa.

Wani matashi mai sayar da kifi a bakin gada ya lashi yajin, ya ce bakinsa ya kama da wuta. Da ya tsotsi alewar ya ja iska, sai ya ce kamar ya kurɓi ruwan randa.

"Ranka ya daɗe," in ji jami'in, yana duban mai unguwa, "yajin nan daga kan wuta aka sauke shi? Alewar daga firji take?" Aka bushe da dariya.

Sai ya shiga bayani. Fata cike take da bakunan jijiyoyi sirara, wasu na gadin zafi, wasu na gadin sanyi, suna aika saƙo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa. A 1997 wani masani a Amurka, David Julius, ya yi amfani da sinadarin barkono ya gano wata 'yar ƙofa a jikin jijiyar zafi, wadda ake kira TRPV1. Takan buɗe ne idan zafi ya kai wajen digiri 43, daidai inda ɗumi ke fara komawa ƙuna. Barkono ma yana buɗe ta, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wuta ce. A 2002 shi da Ardem Patapoutian, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano ƙofar sanyi, TRPM8, wadda sinadarin na'ana'a na cikin alewa da man Robb ke yaudara. A 2021 aka ba su kyautar Nobel. Ita kuwa kaza, tata ƙofar zafin ba ruwanta da barkono, shi ya sa take tsattsagar shanyarsa ko a jikinta.

Nan fa jami'in ya daina raha, domin mai gadin da ake iya yaudara yana iya mutuwa kuma. Ciwon suga idan ya daɗe ba a kula da shi ba, yakan cinye jijiyoyin nan, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa, saboda jijiyoyin can sun fi tsawo. Mai lafiya da ya taka garwashi zai fizge ƙafa tun kafin ya yi tunani. Wanda jijiyarsa ta mutu kuwa zai miƙe ƙafa gaban kasko ya yi ta gyangyaɗi, sai da safe ya ga bororo. Irin wannan ƙunar ce kan zama gyambo, gyambon ya kai ga yanke ƙafa. Kuturta ma haka take yi: tabo mai haske a fata wanda ba ya jin zafi ko sanyi, a kai mai shi asibiti, maganinta kyauta ne.

Bai manta da mata ba. Ya roƙi magidanta su isar da saƙo cikin gida: ruwan wankan jego da ke sa mai jego ihu ya wuce ƙima, ihun nan jijiya ce ke faɗin gaskiya, a sirka shi.

Wani tsoho ya ɗaga hannu. "Ɗana, ni ina da sugar nan. Yanzu in bar jin ɗumin wuta ke nan?"

"A'a, Baba. Ka sa safa, ka matsa baya da kaskon. Ruwan alwala ka gwada shi da gwiwar hannu, ko jikanka ya taɓa maka. Kullum da dare ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu."

Tsohon bai jira dare ba. Ya cire takalmi a kan tabarmar, ya kira wani yaro ya haska masa da fitilar waya.