Zauren Waya Don Masu Damuwa da Iyayen Masu Shaye-shaye: Jawabi ga 'Yan Adashi

Na san wasunku sun taso tun daga Baure da Zango, wasu daga Sandamu da Mai'adua, ga kuma mu na cikin garin Daura. Allah ya saka da alheri.

Yau ba lissafin zubi ko rance zan yi muku ba. Zan yi magana ne a kan abin da ke hana wasunmu zubin. Duk wadda ta daɗe tana riƙe da littafin ƙungiya ta san wannan: mace tana zubi a kan kari shekara biyu, sai ta fara tsallake mako, sai ta fara aiko yarinya da kuɗin, sai a daina ganinta. In an bincika, sau da yawa ba jarin ne ya karye ba. Ko dai ɗanta ya faɗa shaye-shaye yana kwashe kuɗin sana'ar, ko ita kanta damuwa ta danne ta, ta kasa barci, ta kasa fita, kuma kunya ta hana ta faɗa wa kowa.

Ku fara sanin cewa abin ba a gida ɗaya yake ba. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, an gano cewa wajen mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wata ƙwaya ko kayan maye a cikin shekara guda. Cikin kowane mutum huɗu masu shan, ɗaya mace ce. Kun tuna a 2018, bayan BBC ta nuna rahotonta a kan maganin tari mai kodin, gwamnati ta haramta yin sa da shigo da shi. An hana kodin, amma taramol da sholisho da wiwi da ƙwayoyin barci suna nan. Ta ɓangaren damuwa kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar tana fuskantar ciwon damuwa ko fargaba lokacin goyon ciki ko a shekarar da ta haihu. To ku ƙirga mu nawa ne a ɗakin nan.

Mu mutanen Daura mun ga inda ɓoyewa ke kai mutane. A watan Oktoba na 2019, 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Sabon Gari, nan cikin garinmu, suka fito da mutum 67, yara da manya, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Makonni kaɗan kafin nan an fito da wajen mutum 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba maƙiyan 'ya'yan ba ne. Sun rasa wanda za su tambaya ne, sun rasa inda za su nufa, aka ce musu ga inda ake gyaran yaro, suka sayar da akuya da hatsi suka biya. Da uwa ɗaya ta samu wata uwar da ta riga ta shiga wannan hali ta ce mata ga asibiti, ga yadda ake yi, da wani yaron bai kwana da mari ba.

Abin da nake so mu gina ke nan: wurin da uwa za ta samu wata uwar. Kuma dabarar ba sabuwa ba ce. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mutum biyu da giya ta ci ƙarfinsu, Bill Wilson da wani likita mai suna Bob Smith, suka lura cewa in suna zama suna gaya wa juna gaskiyar halin da suke ciki, sun fi iya haƙura da shan. Daga nan aka samu ƙungiyar Alcoholics Anonymous. A 1951 matar Bill ɗin, Lois, da wata ƙawarta suka kafa ta iyalan mashaya, don sun ga matar mashayi da uwarsa su ma ciwo suke yi. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe wuraren taro, sai irin waɗannan ƙungiyoyi suka koma haɗuwa ta intanet, kuma har yau da yawa suna yi. A nan Afirka ma, wani likitan ƙwaƙwalwa a Zimbabuwe, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, aka gwada aka ga masu zuwa wajensu suna samun sauƙi sosai. Su kakanni ne kamar wasunku, ba su je makarantar likitanci ba. Sauraro aka koya musu, da sanin lokacin da za su miƙa mutum ga likita.

Mu kuma muna da abin da wasu ba su da shi. Irin wannan adashi namu na akwati a Maraɗi aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE, ya bazu ƙasashe da dama. Ya ɗore ne saboda mata sun san juna kuma suna bin ƙa'ida. Sai dai sau ɗaya muke haɗuwa a mako, shi kuwa tashin hankali ba ya jiran ranar zubi. Ƙarfe biyun dare yaro yake shigowa yana tangaɗi. Da asuba mai jego take tashi tana kuka ba ta san dalili ba. Wata kuma tana cikin kulle, ba ta fita sai da izini. A nan ne waya take da amfani. Ƙaramin zaure a WhatsApp, na mace takwas zuwa goma sha biyu, zai iya riƙe mace daga wannan mako zuwa wancan. Wadda ba ta iya rubutu ba sai ta danna ta yi saƙon murya. Wadda ba ta da babbar waya, ko take ƙauyen da sabis ke wahala, sai a haɗa ta da mace ɗaya a zauren da za ta riƙa kiranta sau biyu a mako.

To amma ku saurare ni da kyau a nan. Zauren da ba shi da ƙa'ida ya fi rashinsa illa. Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, makullan suna hannun mata uku, shi ya sa muke barci da kuɗinmu a ɗakin wata. Sirrin gidan mace ya fi kuɗinta tsada, don kuɗi in ya ɓata ana mayarwa, amma in aka ji a gari cewa 'yar wance tana shan ƙwaya, aurenta ma sai ya gagara. Don haka shi ma zauren ga makullansa.

Na farko, sirri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da aka faɗa a zaure ba a tura shi wani zaure, ba a kunna shi a gaban kishiya ko ƙawa, ba a kai wa maigida labari da dare. Kada a ambaci sunan yaro, a ce "ɗana" ko "ƙanena" ya isa. Kada a saka hoton kowa. Ku sani duk wadda ke cikin zauren tana ganin lambar kowa, saboda haka ba a shigar da baƙuwa sai duka sun yarda, kuma adimin biyu za a naɗa, kada a bar wa mace ɗaya. Ku kunna tsarin nan da saƙo ke gogewa da kansa bayan kwana bakwai. Yawancinmu ba mu kaɗai ke taɓa wayarmu ba, yara suna wasa da ita, maigida yana ara. Wadda wayarta ta gida ce gaba ɗaya, gara ta bi hanyar kira. Sunan zauren ma kada ya tona asiri, ku sa masa suna irin na sana'a. In wani ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki, kashe wayar, ɓarawon WhatsApp ne, in ya shiga duk saƙon da aka turo zauren daga lokacin yana iya ganinsa.

Na biyu, ba a ba da magani a zaure. Mu mata akwai mu da tausayi, da an ce ba a barci sai wata ta ce sha kaza, ni ma shi na sha. Ta haka wasu suka fara. Ƙwayar barci da aka ba wata a asibiti don kwana biyar, in wata ta ɗauka tana sha wata uku, ta shiga abin da muke gudu. Haka masu tallan maganin raba mutum da shaye-shaye cikin kwana uku, a turo kuɗi a aiko da gari a leda, ba su da wuri a zaurenmu. Addu'a kuwa muna yi wa juna kullum, ita da asibiti ba sa faɗa.

Ga dalilin da ya sa na matsa a kan wannan. Wanda jikinsa ya saba da taramol ko kodin, in ya daina, zai yi kwanaki yana zufa, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. Ba iskanci ba ne, jikin ne ke neman abin da ya saba. Wanda kuma ya saba da ƙwayoyin barci irin su roci, in aka yanke masa rana ɗaya, yana iya faɗuwa yana jijjiga har a rasa shi. A hankali likita yake rage masa. Taramol ɗin asibiti miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa har da mai 225, shi ma yana sa jijjiga. Sannan wanda ya daina na wata biyu, in ya koma ya sha adadin da yake sha da, jikin ba zai ɗauka ba, a nan ake yawan mutuwa. Shi ya sa kulle yaro a ɗaki ba magani ba ne.

Na uku, ku san abin da ya fi ƙarfin waya. In wata ta ce ta gaji da rayuwa, ko gara ta mutu ta huta, ko ta fara rabon kayanta tana neman gafara ba dalili, kada a tsaya turo mata "Allah ya sawwaƙe". Wadda ta fi kusa ta sa mayafi ta tafi gidan a lokacin, ta zauna da ita, a kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da magunguna daga ɗakin, a sanar da wani babba da ta yarda da shi, a kai ta asibiti. Wannan ne kaɗai wurin da ake buɗe sirri, kuma tun ranar farko za a gaya wa kowa haka. In mai jego ta fara jin muryoyi, ko tana cewa jaririn ba nata ba ne, asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. In yaro ya sha ƙwaya an tashe shi bai tashi ba, numfashinsa ya yi ƙasa yana minshari mai nauyi, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, a nemi mota.

Ina za a je? A fara da babban asibiti mafi kusa, su za su tura ku gaba in abin ya fi ƙarfinsu. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna. Hukumar NDLEA ta buɗe layin kira kyauta tun 2022, dare da rana, 0800 1020 3040, don masu neman shawara a kan shaye-shaye. Kowace ta rubuta shi a bayan littafinta na zubi. Kuma ku sani doka tana bayanku: a farkon 2023 aka sanar cewa ɗan garin nan, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwa ta 1958. Ta ba mai wannan ciwo haƙƙin a kula da shi cikin mutunci, ba da duka ko azaba ba.

Saura maganar kuɗi, tunda 'yan adashi ne mu. Zauren ba wurin neman rance ba ne, in aka fara roƙo a ciki, masu kunya za su fice. Amma ina roƙon kowace ƙungiya ta zauna ta duba dokar asusunta na taimakon juna. Mun rubuta haihuwa, mun rubuta rasuwa da gobara. Mu ƙara kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, da komawa ganin likita, don yawancin masu yanke magani kuɗin motar ne ke kayar da su. Shugaba da ma'aji kaɗai za su san wadda aka ba. Ke kuma da ɗanki ke ɗaukar miki kuɗi, kada ki kwana da kuɗin rance a ɗaki. Ranar da kika karɓa, ranar za ki sari kayanki.

Abu na ƙarshe, haƙuri da komawa. Masu bincike a Amurka sun ce cikin mutum goma da suka yi jinyar shaye-shaye, huɗu zuwa shida sukan sake komawa, kamar yadda mai hawan jini ko asma yake samun sauƙi ciwon ya sake tashi. Ranar da wata ta shigo zaure ta ce yaron ya koma, ba ranar "ai na faɗa miki" ba ce, ba kuma ranar binciken tarbiyyar gidanta ba. A tambaye ta ko ta ci abinci, a tambaye ta yaushe ne ranar komawa asibiti, wa zai raka ta. Wadda ta yi kwana uku shiru a zaure, a kira ta.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kafin mu tashi, ba zan ce kowa ta ɗaga hannu ba. Ga 'yan takardu da kwano a bakin ƙofa. Kowace ta ɗauki ɗaya, mai so ta sa lambarta, marar so ta naɗe ta haka nan ta jefa, don kada a gane wa ta rubuta. Wadda ba ta rubutu ta raɗa wa sakatariya bayan an watse. Ni da shugabar kowace ƙungiya za mu kira ku ɗaya bayan ɗaya cikin makon nan.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da kowa gida lafiya.