Idan Hoton da Ka Gyara Ya Ƙi Fita a Ƙaramar Firinta

 

An nemi in yi bayani a kan wata matsala da ke damun da yawa daga cikinmu. Mutum zai ɗauki hoton suna ko na ɗaurin aure, ya zauna ya gyara shi a kwamfuta, ya ƙara haske, ya yanke gefe, ya rubuta sunan jariri a ƙasa. Sai ya zuba a katin memori, ya sa a ƙaramar firintar hoto, ita kuwa ta nuna alamar tambaya ko ta yi kamar babu komai a katin. Ga mai tafiya gida gobe da asuba, ga tsohuwa tana jiran ganin jikanta. Yawancin iyayenmu ba su riƙe babbar waya. Hoton da za su riƙe a hannu, su sa a ƙarƙashin matashi, su nuna wa maƙwabta, shi ne hoto a wurinsu. Gani ya kori ji.

Abu na farko da nake so mu riƙe shi ne, sau da yawa firintar lafiyarta ƙalau. An ƙera irin waɗannan na'urori ne su karanta hoto kamar yadda kyamara ke ajiye shi. Kamfanonin kyamara na Japan sun tsara wata ƙa'ida mai suna DCF a shekarar 1998, wadda ta faɗi inda za a ajiye hoto a kati da irin sunan da za a ba shi. Idan manhajar gyara ta canja wa hoton siffa, firinta ba ta gane shi. Maganin shi ne ka mayar da hoton yadda kyamara za ta bayar da shi. Ga matakan.

Na ɗaya, nau'in fayil. Ka ajiye hoton a matsayin JPEG. Idan ta kati ko filashi za ka buga, PNG ba zai yi ba, haka ma HEIC da wayoyin iPhone suke amfani da shi tun 2017. Shi ma JPEG iri biyu ne. Wurin ajiyewa za ka ga zaɓin Baseline da na Progressive. Na biyun an fi amfani da shi ne a shafukan intanet, kuma ƙananan firintoci da yawa ba sa karanta shi. Ka zaɓi Baseline.

Na biyu, suna da mazauni. A cikin katin akwai folda mai suna DCIM, a cikinta kuma akwai wata da sunanta ya fara da lamba uku, daga 100 zuwa 999. A nan za ka sa hoton, domin wasu firintoci, musamman tsofaffi, nan kaɗai suke dubawa. Sunan hoton ya zama gajere irin na kyamara, kamar IMG_0001.JPG. Dogon suna irin "bikin ƙanwata na ƙarshe" na iya ɓoye hoton, balle da haruffanmu masu lanƙwasa. Idan katin ne gaba ɗaya ya ƙi karantuwa, ka kwashe hotunanka zuwa kwamfuta tukuna, sannan ka yi masa fomat a cikin kyamara. Na ce tukuna, domin fomat yana share komai.

Na uku, kala. Ka bar hoton a tsarin sRGB. Idan ka ajiye shi a CMYK, wanda na manyan maɗaba'u ne, zai iya ƙin buɗuwa. Idan kuma Adobe RGB ne, kalar na iya fitowa a dushe, jar atamfa ta koma kamar ta sha wanki. Sannan mu tuna fuskar waya tana da haskenta, takarda kuwa ba ta da shi. Don haka hoto kan fito da ɗan duhu, kuma a fuskokinmu na baƙar fata aka fi ganin haka. Ka ɗan ƙara haske, ka buga guda ɗaya ka duba kafin ka buga hamsin.

Na huɗu, girma. Takardar da aka fi amfani da ita, kamar ta Canon Selphy, milimita 100 ce da 148, kusan inci 4 da 6. Tsawonta kashi uku ne, faɗinta kashi biyu. Hoton waya kuwa yawanci kashi huɗu ne da uku. Idan ka bar wa firinta ta daidaita, za ta yanke gefe, sai ka ga babu hular ango ko an cire kawu da ke ƙarshen layi. Ka yanke da kanka a ma'aunin 3:2, ka bar ɗan fili a gefe, kada rubutu ya kai baki. Fiksil 1800 da 1200 sun isa wannan takarda ta fito tas.

Wannan ya kawo ni ga 'yan uwa na gida. Hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, ingancinsa ya ragu. Don Allah idan hoton bugawa ne, ku turo shi a matsayin dokumen, zai iso yadda aka ɗauke shi.

Idan duk an yi wannan bai fita ba, a bar katin. A tura hoton zuwa waya, a haɗa ta da firintar ta Wi-Fi, a buga ta manhajar kamfanin, ko a buga daga kwamfuta kai tsaye. Ta wannan hanya waya ko kwamfuta ce ke shirya hoton kafin ya isa firinta, kuma sau da yawa nan matsalar ke ƙarewa.

Sai kula da na'urar kanta. Irin su Selphy da zafi suke narkar da kala daga wani siririn zare zuwa takarda. Takardar tana shiga tana fita sau huɗu: rawaya, ja, shuɗi, sannan wani shafi mai kare hoton. Yara kan ɗauka ya gama su ja, a hana su. A bar fili a bayanta, domin takardar na leƙowa ta can. Wanda zai kai ta gida ya riƙa rufe ta, musamman da hunturu, domin ƙwayar ƙura ɗaya na barin tabo a hoto. Ya kuma haɗa da takarda da zaren kala isassu. Tare ake sayar da su, akwai kwali mai guda 108.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, duk mai shirin tafiya gida ya sanar da sakatare da mako guda, a tara hotuna, a buga, a rubuta suna da kwanan wata a bayan kowanne. Waya takan ɓace, takan faɗa ruwa, amma hoton da ke cikin akwatin Hajiya jikoki za su tarar da shi.

Allah ya sada mu da iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.