Karen Buldog: Asalinsa, Siffarsa da Wahalar da Ya Gada



Buldog ɗan asalin Ingila ne, kuma aikin da aka fara kiwonsa dominsa ba mai kyau ba ne. A kan ɗaure bijimi a turke a tsakiyar fili, a cinna masa karnuka, 'yan kallo suna caca. Wanda ya cafke hancin bijimin ya ƙi saki, duk da ana wujijjiga shi sama da ƙasa, shi ne gwani. Karen wancan zamani yana da dogayen ƙafafu, da gudu, da dogon numfashi. A 1835 majalisar dokokin Birtaniya ta haramta wasan, sai buldog ya rasa abin yi.

Masu gasar nuna karnuka ne suka ɗauke shi. A 1875 aka kafa ƙungiyar masu buldog a Landan, aka rubuta siffar da alƙalai za su riƙa yabawa: ƙaton kai, gajeren hanci, faffaɗan ƙirji, siririn ƙugu, muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama. Daga nan kowane mai kiwo ya shiga haɗa mai gajeren hanci da wanda ya fi shi gajarta. An yi nasarar cire masa zafin rai, wannan kam abin yabo ne. Buldog na yau mai sanyin hali ne, yana son zama kusa da mutum, yana haƙuri da yara. Namiji kan kai kilo 25, mace 23.

Amma jikinsa ne ya biya kuɗin wannan ado. Ƙashin kai ya gajarce, naman cikin baki da maƙogwaro bai ragu ba, saboda haka ganɗarsa kan toshe hanyar iska, ƙofofin hancin kuma a matse suke. Ku saurare shi bayan 'yar tafiya kaɗan: harshe a waje, ƙirji na sama da ƙasa, yana minshari ido biyu. Masu shi kan ce ai haka irinsu suke. A'a, iska yake nema. Naɗe-naɗen fatar fuska kuma suna tara danshi har su yi gyambo. Fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwarsu sai da tiyata, domin kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugun uwa. Binciken Kwalejin Likitocin Dabbobi ta Landan na 2022 ya nuna tsawon rayuwarsu a Birtaniya bai kai shekara 8 ba. Tun 2009 ƙungiyar masu karnuka ta Kennel Club ta gyara ƙa'idojin siffar, sai dai gyaran takarda bai riga ya kai ga jikin karen ba.

Abin da ya shafe mu shi ne, karnukan ƙetare suna ƙara shigowa biranenmu. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki, buldog kuwa hakin ne ya gagare shi. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, wutar lantarki kuma ba tabbas. Wuni ɗaya a keji cikin irin wannan rana ya isa ya kashe shi.

Ina roƙon 'yan uwana likitocin dabbobi, duk wanda ya zo neman shawara kafin ya sayi buldog, mu gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Wanda ya riga ya mallaka kuma, ya tanadi inuwa da ruwan sanyi, kada ya bari ƙiba ta kama shi, kada ya fita da shi sai da asuba ko bayan magariba.