Tsakuwar Maɗaciya Ga Mai Juna Biyu



Duk wanda ya taɓa gyara kaza ko fiɗar rago ya san 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda in ta fashe nama ya yi ɗaci. Ita ce maɗaciya. Mutum ma yana da ita, a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Aikinta shi ne ta tara ruwan ɗaci da hanta ke yi, ta zuba shi cikin hanji don narkar da maiƙo.

Idan mace ta sami ciki, maɗaciyarta takan yi nawar aiki. Ruwan ya daɗe a kwance, ya yi kauri, wani lokaci har ya dunƙule ya zama tsakuwa. Wadda ta yi haihuwa da yawa, da mai ƙiba, da mai ciwon sikila sun fi kamuwa.

Alamarsa ita ce ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman bayan cin abu mai maiƙo kamar kitse, man shanu ko soye-soye. Yakan harba zuwa baya ko kafaɗar dama, ya ɗauki rabin awa ko awoyi, tare da tashin zuciya. Sau da yawa sai a ce laulayi ne, ko yaro ne ke naushi, a zauna a gida. Nan haɗarin yake, domin hawan jini na masu ciki, wanda ke kawo jijjiga, shi ma yakan sa ciwo a daidai wannan wuri. Awon jini da hoton ciki ne kaɗai za su bambance.

In ciwon ya zo da zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kamar shayi, ko amai ya ƙi tsayawa, a kai ta asibiti a ranar. Kada a yi ƙaho ko sakiya, kada a ba ta kanwa ko jiƙo, kada a sayo ƙwaya a kemis.

Yawanci magani da rage maiƙo sun isa har ta sauka. In ya zama dole, likita na iya cire maɗaciyar ko da cikin, an fi so tsakanin wata 4 zuwa 6, kuma mutum na rayuwa lafiya ba tare da ita ba.

Maigida ya ba da izini da kuɗin mota, uwargida ta riƙe awon ciki. Allah ya sauke su lafiya, amin.