Mudun Auna Ƙyamar Masu Ƙanjamau

Ina gai da ku duka, musamman mutanen Rijiyar Zaki da na ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Ungogo, waɗanda muke saduwa da su kullum a dispensa.

Ran nan wani dattijo ya tare ni bayan an tashi aiki, ya ce, "Malam, mutanen nan da suka taɓa zuwa gida gida suna tambaya ko za mu sayi kayan miya wurin mai ƙanjamau, me suke nufi? Ko so suke su gane masu ciwon?" Na ce masa a'a, Baba, ba masu ciwon suke nema ba. Ƙyamar da ake musu suke aunawa.

To, don me za a auna ƙyama? Tun shekarar 1986 aka ba da labarin wannan ciwo a Nijeriya, tun 2006 kuma gwamnati take ba da maganinsa kyauta. Wanda ya riƙe maganin kullum zai yi nomansa, ya yi aure, ya haihu lafiya. Amma na ga mace ta wuce asibitin kusa da gidansu, ta biya kuɗin mota zuwa cikin Kano, don kada maƙwabciya ta gan ta a layi. Ran da babu kuɗin mota, babu magani. Abin da ke kashe irin wannan mace tsoron bakin mutane ne, in kuwa ba a san girman abu ba, ba a san yadda za a ɓullo masa ba.

Zazzaɓi muna auna shi da tsinken nan da ake sa wa a hamata. Ƙyama ba ta da tsinke, sai tambaya. Wata malama a Amurka, Barbara Berger, ita da abokan aikinta suka fitar da tambayoyi 40 a shekarar 2001, waɗanda ake yi wa masu ciwon kansu: ko mutane sun guje su, ko suna ɓoye zancen, ko suna ganin kansu kamar ƙazamai. Amma kun sani mudun wata kasuwa ba lalle ya yi daidai da na wata ba. Saboda haka da aka kai tambayoyin nan birnin Lima na ƙasar Peru, sai da aka juya su cikin harshen Sifaniyanci, aka gwada su kan manya masu ciwon, aka zubar da waɗansu, sa'an nan aka buga sakamakon a 2010.

Ga yadda ake gwajin. Wani ya juya tambaya daga Turanci zuwa Hausa, wani dabam wanda bai ga ta farko ba ya mai da ita Turanci, a duba ko ma'ana ta ɓace a hanya. Takan ɓace ƙwarai. Ku ɗauki kalmar kunya. Bature yana tambaya ko ciwon ya sa mutum yana jin ya tozarta. In ka ce wa Bahaushiya, "Kina jin kunya?" ai i za ta ce, ko da lafiyarta lau, gama kunya a wurinmu tarbiyya ce. Mai rubutu kuwa ya rubuta ƙyama inda babu ita. Bayan wannan sai a yi wa mutum tambayoyin yau, a sake yi masa bayan ɗan lokaci. In amsa ta sha bamban ba tare da dalili ba, mudun ne ya yoye. Akan kuma duba ko tambayoyin da ke neman abu guda suna tafiya tare.

Tambayar da aka yi wa dattijon nan ta wani bincike ce dabam, na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wanda aka yi a 2018, aka kuma juya tambayoyinsa cikin Hausa da Yarabanci da Ibo. Biyu ne kan wannan batu: ko za ka sayi ɗanyen kayan lambu wurin mai ciwon, da ko ya kamata yaro mai ciwon ya shiga makaranta tare da sauran yara. Fiye da rabin maza da mata suka nuna ƙyama. Alhali kuwa ciwon ba ya bin tumatir, ba ya bin musafaha ko ƙwaryar fura ko cizon sauro. Tun 2014 ma akwai dokar da ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta saboda shi.

Roƙona guda ne. In masu tambaya sun zo, kada ku ba su amsar da kuke tsammani za ta faranta musu rai. Mu nan mun iya wannan, baƙo ya zo mu ce masa "haka ne, Malam." In kana jin tsoron cin abinci da mai ciwon, faɗi haka, ba za a sa sunanka cikin rahoto ba, kana kuma da ikon ƙin amsawa. In tambaya ba ta fita sosai ba, ka ce a maimaita. Wanda kuma yake son gwajin jini, ya same mu a dispensa, mu nuna masa inda ake yi, ba wanda zai ji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.