Ku Bar Su Su Koma Karatun Ungozoma

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa matasa a garin Wurno, kamar yadda wakilinmu ya rubuto mana. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), 'yan uwa, maganata ta yau a kan matan gidajenmu ce.

Wanene a cikinmu bai taɓa jin an ce naƙuda ta kama wance da tsakar dare a wani ƙauyen Rabah ko Goronyo, ga hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, kafin gari ya waye jini ya ƙare mata ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya gaba ɗaya. Zubar jini ne, jijjiga ce, doguwar naƙuda ce. Kuma ungozoma mai ilimi tana gane alamunsu tun wajen awo, ta tsayar da abin da za ta iya, ta tura sauran asibiti da wuri.

To, abin mamaki, mu ne ke cewa ba mu yarda namiji ya karɓi haihuwar iyalinmu ba, kuma mu ne idan mace ta ce za ta koma makaranta sai mu ce ta girma, da 'ya'ya huɗu ina ita ina aji? To wa zai karɓi haihuwar?

'Yan uwa, nan Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, kuma ya bar littattafai a kan magani. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa 'Yan Taru, manyan mata ta naɗa jajis, suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar. Ba ta ce sun tsufa ba.

A 2009 gwamnati ta ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara, har da waɗanda suka yi ritaya. Amma baƙuwa takan tafi, 'yar gari ce ke zama. Ga makarantar jinya da ungozoma a Sakkwato, ga sashen jinya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ana neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, fizik, kemistiri da bayoloji. Wadda ta rasa, ta sake zama jarabawa.

Saboda haka kowa ya koma gida ya tambayi matarsa, ko yayarsa, ko gwaggonsa da ta ajiye takardu a ƙasan akwati. Ka saya mata fom, ka taya ta riƙon yara, ka toshe kunne da surutun majalisa. Wata rana wataƙila 'yarka ce za ta durƙusa a gabanta.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya. Wassalamu alaikum.