Wadda Ta Ɗauki Baƙin Jini Don Ta Koyar



A gidajenmu da ake kallon fim ɗin Hausa, da wuya a sami wanda bai san Saratu Giɗaɗo ba, wadda aka fi sani da Daso. Ta fara fitowa a shekarar 2000 cikin fim ɗin Linzami da Wuta, ta rasu a Kano ranar 9 ga Afrilun 2024. Ba ita ce amaryar da ake rera wa waƙa ba. Aikinta shi ne muguwar suruka, kishiya mai makirci, uwa mai zafin baki. Idan ta harari yarinya, mai kallo ma sai gabansa ya faɗi.

A nan Nijar ma mun yi Zalika Souley, wadda ta fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1972. Ta sha tsangwama, domin mutane sun kasa raba ta da matan da take kwaikwayo.

Gyara yana hannunmu. Mai fitowa a muguwa tana nuna mana halin da ke rusa gidaje ne, don mu guje shi. Masu shirya fim su biya irin waɗannan mata haƙƙinsu cikakke, mu kuma mu girmama su tun suna raye. Allah Ya jiƙan Daso da Zalika.